Kalmar sirri tana fitowa a tarihin bash (manhajar da ke karɓar umarnin da muke bugawa a sabar), yaya za mu yi?

Assalamu alaikum 'yan'uwa, shawara nake nema. A wurin aikinmu mu huɗu muke shiga sabar Ubuntu da asusu ɗaya. Jiya ina danna kibiyar sama don neman wani tsohon umarni, sai ga na abokin aikina: mysql -u root -p da kalmar sirrin manne a jikinta, ƙuru-ƙuru. Da na buɗe ~/.bash_history, fayil ɗin da bash ke adana tsoffin umarni, na tarar ba shi kaɗai ba ne. Ta yaya za mu goge, kuma mu hana ta sake shiga?

Amsa ta farko:
Wa'alaikumus salam. Kafin komai ku canza kalmar sirrin nan yau, don ta riga ta fita. Gogewa ba wuya: rubuta history ka ga lambar layin, sai history -d da lambar, sannan history -w. Amma ka tabbata wanda ya rubuta ya fita tukuna, domin bash tana riƙe umarnin ne har sai an rufe ta, lokacin take zubawa a fayil. In ba haka ba ka goge ya dawo.

Amsa ta biyu:
Malam, ka riƙa barin tazara ɗaya kafin umarnin, ba zai shiga tarihi ba, muddin HISTCONTROL, wato saitin bash mai zaɓar abin da zai shiga tarihi, tana kan ignorespace ko ignoreboth. Ubuntu da ignoreboth take zuwa, amma duba da echo $HISTCONTROL. In aikin mai tsawo ne, ka kashe tarihin da set +o history, ka gama ka mayar da shi da set -o history.

Amsa ta uku:
Ni dai ban cika yarda da dabarar tazara ba. Ranar da kake sauri ranar za ka manta. Kuma tarihi kawai take rufewa. Yawancin umarni, yayin da suke gudana, duk wanda ya buga ps aux (umarnin da ke nuna abin da ke gudana a sabar) zai gan su da duk abin da aka jera musu. In da sudo (umarnin aiki da ikon mai kula da sabar) ka haɗa, layin gaba ɗaya ya tafi /var/log/auth.log. Kada kalmar ta hau layin umarni tun farko: bar -p ita kaɗai, mysql za ta tambaye ka ba tare da ta nuna a allo ba. In mabuɗin API ne (lambar sirrin da manhaja ke shiga wani sabis da ita), read -s ya wadatar, yana karɓar abin da ka buga ba tare da ya nuna a allo ba. Wani zai ce a saka kalmar a fayil ɗin saitin mysql, ~/.my.cnf, da chmod 600, wato mai asusun kaɗai ke iya buɗe shi. To, 600 ɗin daga wa za ta kare ku, alhali ku huɗun duk mutum ɗaya ne a wurin sabar?

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai. Oganmu ne ya ce asusu ɗaya ya fi sauƙi.

Amsa ta uku:
Ka nuna masa fayil ɗin tarihin ya gani da idonsa, ɗan'uwa. Sannan a buɗe wa kowa asusunsa da adduser, usermod -aG sudo ga wanda ke buƙata, kowa ya shiga da mabuɗin SSH nasa, wato na shiga sabar daga nesa. Ranar da wani ya bar aiki, asusunsa kaɗai za ku rufe.