Muhawara: Yaron da ya iya i'irabi yana buƙatar darasin aya da waƙafi?

Malamar aji: Assalamu alaikum iyaye. Jiya Baffa ya ce awa ɗayan da nake warewa ranar Asabar don ƙa'idojin rubutun Hausa asarar lokaci ce, tunda yaranmu na nan Makka suna shan nahawun Larabci a makaranta kwana biyar a mako. Maganar ta kwana a raina. Ku taya mu duba ta.

Baffa: Wa alaikumus salam. Na faɗa, kuma ina kan bakana. Yaron da ya rarrabe fa'ili da maf'uli, wato mai aikatawa da wanda aikin ya faɗa wa, me zai gagare shi a harshen da ya sha a nono? Mu da littafin nahawu na Ajurrumiyya aka buɗe mana ido, ba wanda ya nuna mana alamar tambaya. Larabawa kansu sai a 1912 Ahmad Zaki Basha ya tsara musu waɗannan alamomi a Masar. A koya wa yara gaisuwa da magana, sauran zai biyo baya.

Malamar aji: Allah ya ƙara girma, Baffa, ni dai ban ga ya biyo ba. Wata ɗalibata da ke zuwa ta ɗaya a nahawu ta rubuta wa kakarta a Kano, "Mun yi baki a gida." Baƙi take nufi. I'irabi wasalin ƙarshen kalma yake tsaro, mu kuwa ciwonmu yana wani wajen: ƙugiyar ɓ da ɗ da ƙ, da sanin inda ake haɗawa da inda ake rabawa. Suna rubuta "su na zuwa" maimakon "suna zuwa". Ba sa bambanta "akan je" da "a kan tabarma". Waƙafi ma a kife suke sa shi, irin na Larabci. Wane babi na nahawu ne zai gyara musu wannan?

Kawu daga Jidda: Malama, wayoyin yaran nan ba su da haruffa masu ƙugiya sai an sauko da su. Nawa ma da baƙaƙen Larabci suke rubuta Hausa a WhatsApp. Me zai hana a koma ajami a huta?

Malamar aji: Ina son ajami, Kawu. Amma 'yan'uwansu na gida boko suke karantawa, kuma ko a ajamin sai an san inda jimla ta ƙare.

Gwaggo: Yaya, bari in sa baki. Shekaruna nawa ina biya wa yara allo. Buɗe Mus'hafin Madina ka ga alamomin tsayawa, ƙananan mim da jim da sili da ƙili, a saman layi. Don me malamai suka wahala a kansu? Yaro ya karanta "la taƙrabus salata" (kada ku kusanci salla) ya tsaya bai kai "wa antum sukara" (alhali kuna cikin maye) ba, ai ya juya ma'ana. Kalmar waƙafi ma daga nan muka aro ta.

Baffa: Alƙur'ani daban ne, ƙanwata, ba a haɗa shi da wasiƙa. Amma batun baki da baƙi ya taɓa ni. Abin da nake tsoro shi ne a cika su da dokoki har su tsani harshen, alhali da yawansu da Larabci suke amsa wa iyayensu.

Malamar aji: Wannan tsoron ina da shi ni ma. Ba hadda nake ba su ba. Labari nake karanta musu a bayyane, duk inda na ja numfashi su sa alama. Baffa, ka zo ranar Asabar bayan la'asar ka gani.

Baffa: Zan zo in Allah ya so, da jikokina biyu. Sharaɗina, rabin awar ta zama ta hira da baki, ba alƙalami.