Ko tashar jirgin ƙasa ta Yamai ta cancanci zama mafarin zagayen baƙo?

Malam Sani: Jama'a, ni dai ina nan kan bakana. Baƙon da ya zo kallon Yamai, a soma da shi daga tashar jirgin ƙasa da ke kusa da filin sukuwa. Ita ce tasha ta farko a tarihin Nijar, an buɗe ta ranar 7 ga Afrilu 2014, Shugaba Mahamadou Issoufou da takwarorinsa na Benin da Togo suna wurin. Kuma tana gefen hanyar da ta fito daga filin jirgin sama. Daga nan sai ƙauyen masu sana'a na Wadata, sai Babban Masallaci, sai Babbar Kasuwa, sai gidan tarihi, a ƙare a bakin kogi. Gabas zuwa yamma, ba komawa baya.

Hajiya Ramatu: Malam, tashar da jirgi ba ya tsayawa ai gini ce kawai. An shimfiɗa dogo har Dosso, wajen kilomita 140, aka yi bikinsa a 2016, amma jigilar fasinja ba ta kankama ba. Haɗa layin da garin Parakou na ƙasar Benin ya maƙale, ga shari'ar da aka yi a Benin kan wanda ke da hakkin aikin. To wane baƙo ne zai sauka can? Mai zuwa daga Tahoua ko Maraɗi a tashar kamfanin bas ɗinsa yake sauka, kowane kamfani da tasa.

Malam Sani: Ban ce a jirgi zai sauka ba, Hajiya. Na ce a kai shi ya gani.

Musa: Gafarta Malam, minti goma ya ishi kallonta, shi ma daga waje. Matsalar tsarinka rana ce. In ka ɓata sanyin safiya a gabas, sai ka isa gidan tarihi na Boubou Hama da tsakar rana, a watan Afrilu ko Mayu kuwa zafi na wuce digiri 40. Wurin fili ne, rumfuna ne warwatse, da ƙafa ake bi daga wannan zuwa waccan. Dabbobin da ke ciki, zaki ne ko kura, duk sun lafe a inuwa, dorina ta nutse, ba abin da za ka gani sai hanci. Juya tsarin ya kamata a yi: gidan tarihi da sassafe, a ba shi awa biyu zuwa uku.

Zainabu: Yaya Musa ya faɗi gaskiya, kuma awa ukun ma da ƙyar. Tun 1959 aka kafa gidan. Akwai ƙasusuwan dinozor da aka tono a Gadoufaoua cikin jihar Agadas, akwai rumfar tufafin gargajiya, akwai gawar itacen Tenere, wanda ya tsaya shi kaɗai a tsakiyar hamada, da mota ta kaɗe a 1973 aka ɗauko aka killace. Amma abin da ke cinye lokaci shi ne ɓangaren masu sana'a: maƙeran azurfa, dukawa, masaƙa, kowa na aiki a gabanka. Mai son sayen kuros ɗin Agadas, wato abin wuya na Buzaye, ya juya bayan kuros ɗin ya duba alamar maƙerin, ya kuma tambaya kai tsaye ko azurfa ce ko gauraye, don kuɗinsu ba ɗaya ba ne. Kada ya saya a rumfar farko. Ya riƙe farashin a ka, ya gwada da na ƙauyen masu sana'a na Wadata.

Alhaji Abdu: 'Ya'yana, ku duka kun manta da ranar mako. Juma'a ba ranar kai baƙo kallon Babban Masallaci ba ce, sai in salla zai yi. Tun kafin azahar hanyoyin kewaye ke cika. Sauran ranaku a je tsakanin salloli, a nemi izinin mai gadi, mace ta rufe kai, a cire takalmi, a ba mai rakiya ɗan abin goro. Libiya ce ta ba da kuɗin gina masallacin a shekarun 1970.

Malam Sani: Na karɓi gyaran Juma'a, Alhaji. Amma duk wuraren nan da kuke lissafawa, ba wanda taksi ba zai kai ka daga tashar cikin ɗan lokaci ba.

Hajiya Ramatu: Taksin Yamai na haɗaka ne, Malam, kujera kake biya. Ka tsaya bakin titi ka faɗi unguwa, in ba ta kan hanyar waɗanda ke ciki ba ya wuce. In da nisa ya ce kuɗin mutum biyu. Shi ya sa Babbar Kasuwa ta fi dacewa da mafari: kusan kowace mota tana bi ta can. Ita ma abin kallo ce, ta ƙone a 1982 aka sake gina ta. Daga nan gangarawa gidan tarihi da gadar Kennedy ba wuya. A shirya kuɗin tafiya kafin a shiga, kuma a riƙe canji, don jika guda da safe rigima ce.

Musa: Ƙari kan gadar: a je da la'asar sakaliya, a zauna bakin ruwa a ga masu kwale-kwale. Waya ta zauna a aljihu kusa da gada, barikin soja ko ginin gwamnati. Ana iya tsare mutum a sa shi goge hoto. Takardar shaida kuma kada ta bar jiki.

Zainabu: Malam Sani na da hujja ɗaya da bai kawo ba. Hanyar Dosso ta gefen tashar jirgin ƙasa take fita, ita ke kai wa ga raƙuman dawa na Kouré, kimanin kilomita 60.

Alhaji Abdu: Wannan ba yawon cikin gari ba ne, 'yata. Tun harin Agusta 2020 da aka kashe mutum takwas a can, ba a tashi kai tsaye. Sai an tambayi hukuma halin da hanya ke ciki, a kuma ɗauki ɗan jagora na wurin. Da damina ne dabbobin ke kusa da Kouré, da rani suna gangarawa kwarin Dallol Bosso, sai an bi su da mota mai ƙarfi.

Malam Sani: To a sa tashar a ƙarshe, bayan Wadata, ga mai sauran ƙarfi. Amma ban yarda a cire ta ba.

Hajiya Ramatu: A hanyarsa ta komawa filin jirgi, direba ya rage gudu ya nuna masa ta taga.