Mazarin Kaka, mai amsa ya amsa

Ɗan Wunti:
Salam 'yan uwa. Jiya muna kwashe kayan ɗakin marigayiya kakarmu sai ga mazarinta a ƙasan adudu, da sauran zare a jiki da guntun alli a ƙoƙo, wlh na daɗe riƙe da shi na kasa cewa komai, don ita ma gun uwarta ta gaje shi, wadda aka haifa tun kafin Turawa su shigo Bauchi a 1902. Ga abin da ya zo min:

Kaka ta tafi ta bar mana mazari,
Ita ke kaɗi, masaƙi ya saƙa fari,
A kai shi marina a tsoma tun da wuri,
Mabuga su buga, kasuwa a karɓo wuri.

'Yar Nafada:
Allah ya jiƙan Kaka. Yaya ka sosa min inda ke ƙaiƙayi, amma ka tsaya a kasuwar gari, zanen ai ya wuce nan.

Wa ya kai zanen nesa in ba fatake,
Madugu a gaba, jakai a jere suke,
Kanwa daga Barno, gishiri a Bilma yake,
Goron Gwanja sai an yi watanni a miƙe,
Ba banki ba rasit, amana aka riƙe.

Jikan Maƙera, Toro:
Haba ƙanwata, ku duka biyun kun tsallake tushe!

Kun yabi zare kun manta da ƙira,
Ba auduga sai fartanya, fartanya sai maƙera,
Tama daga dutse, zugazugi na ta ƙara,
Kuza a Liruwe an narka tun kafin Nasara.

Kakana har ya rasu tafin hannunsa duk kanta ce, yatsunsa ba sa miƙewa saboda riƙon masaba, ni kuwa ko lauje ban iya ba kuma abin na damuna sosai.

Malamin Firamare, Ganjuwa:
Maƙeri ka yi gaskiya. To ni ga nawa, dan Allah duk wanda bai taɓa zuwa ba ya daure ya zo ya gani da idonsa.

Ku zo Kafin Madaki ku ga aikin magini,
Tubali da azara, hannun Babban Gwani,
Shi ya gina masallacin Zariya a wancan zamani,
Ba siminti ba rodi, yana nan tsaye na gani.

'Yar Nafada:
Malam mun rusuna. Yaya to mazarin fa, kar dai a jefa shi kwabet ya ƙare a nan.

Ɗan Wunti:
A'a ƙanwata. Na kira Goggo ɗazu ta ce hannunta bai manta kaɗi ba.

Jibi in sha Allah zan kai mata mazari,
Da audugar Kumo in sayo mata tun da wuri,
Ta ƙarasa zaren da Kaka ta bari.