Waɗanda suka kalli tseren LMGT3 na 2024 ido da ido, ku ba mu labari

Makanikin Ƙofar Ruwa:
Assalamu alaikum jama'a. Sana'ata gyaran mota ce a Kano, kuma kakar tseren juriya ta duniya ta 2024, wato WEC, a waya na bi ta. Manyan motocin Hypercar ba su dame ni ba. Hankalina yana kan ajin LMGT3 da aka fara a shekarar a madadin tsohon ajin GTE: Porsche 911, BMW M4, Ferrari 296, Ford Mustang, Corvette, Lexus RC F, McLaren 720S, Aston Martin Vantage da Lamborghini Huracán. Kamfani 9, mota 18, kuma an ce kowacce daga motar kasuwa aka samo ta. Ina so in ji daga bakin wanda ya tsaya kusa da su: me ya rage na motar kasuwa a jikinsu? Kuma wa ke cin tseren, motar ko direban? Don Allah wanda ya je ya gani nake roƙo ya yi magana.

Ɗan Doha:
Wa alaikumus salam, Malam. A Katar nake aiki, kuma nan aka buɗe kakar, ranar 2 ga Maris a filin Lusail. Tseren kilomita 1812 ne, an ɗauko adadin daga ranar ƙasa ta Katar, 18 ga Disamba. An fara da hantsi, ba a gama ba sai da dare ya yi sosai.

Da aka buɗe wa 'yan kallo layin gareji na leƙa cikin BMW ɗin Team WRT. Daga nesa M4 ce sak, hancinta, fitilunta, rufinta. Da ka sunkuya sai ka ga an kwashe komai. Kujera ɗaya ce, bututun ƙarfe sun kewaye direba ta ko'ina, sitiyari cike da maɓallai, giya kuwa da yatsu ake sauya ta a bayan sitiyarin. Bodin na waje yawancinsa ba ƙarfe ba ne, wani abu ne mara nauyi da mutum ɗaya zai cire ya ɗauka. Jak ɗin ma a cikin motar yake, makaniki ya soka tiyon iska ta ɗaga kanta. Goro ɗaya ne a tsakiyar kowace taya. Abin da ya rage na asali shi ne ƙashin ɗakin motar da tushen injin. Na BMW ɗin mai silinda 6 ne a jere, lita 3, ɗan gidan wanda ke cikin M4 ta titi.

Porsche mai lamba 92 ta ƙungiyar Manthey PureRxcing ce ta ci ajin ranar.

Ɗalibi a Liège:
Yaya makaniki, barka da aiki. Ni tseren Spa na je, 11 ga Mayu, don ba ta da nisa da inda nake karatu a Beljiyam. Kan tambayarka ta farko, ga wani abu da zai ba ka mamaki: ta tsere wani lokaci ba ta kai ta kasuwa ƙarfi ba. Ferrari 296 GTB da ake sayarwa tana da inji haɗe da lantarki, ƙarfin doki 830. Ta tseren an cire mata lantarkin gaba ɗaya, ƙarfinta wajen 600, kuma hukumar tsere tana ƙara danne shi. Gudunta yana fitowa ne daga rashin nauyi, tayoyi marasa zane, da fiffiken baya da ke manna ta da ƙasa.

Na zauna a gangaren Eau Rouge. Hoton waya ba ya nuna tsayin tudun nan ko kaɗan. Kunne kuma shi ke fara gane mota kafin ido. Lamborghini mai silinda 10 tsala ihu take yi, Mustang ɗin lita 5.4 kuwa a ƙirji kake jin rugugin ta. Sarah Bovy, 'yar ƙasar, ita ta ɗauki wurin farko a layin tashi da Lamborghinin Iron Dames mai ruwan hoda, wadda mata zalla ke tuƙawa, kuma mutanen gari sun yi ta tafi duk wucewarta.

Da yamma Cadillac ɗin Earl Bamber ta taɓa BMW ɗin Sean Gelael a miƙaƙƙiyar hanyar Kemmel, ta tashi sama. Aka ɗaga jar tuta aka tsayar da tseren, wurin ya yi tsit. Su biyun suka fita da ƙafafunsu, Alhamdu lillahi. Gyaran shinge ya cinye sauran lokacin, sai hukuma ta mayar da awa 1 da minti 44 aka ƙarasa. Motocin Manthey biyu suka zo na ɗaya da na biyu.

Makanikin Ƙofar Ruwa:
Ƙanena Allah Ya yi albarka. To idan hukuma ce ke danne ƙarfin inji, ta yaya take sanin ba a yi mata wayo ba?

Ɗalibi a Liège:
Akwai na'ura a jikin sandunan da ke juya tayoyin baya, tana auna ƙarfin da ke isa taya kai tsaye tana aika wa hukuma. Wanda ya wuce iyakarsa a hukunta shi. Kowace mota da nata nauyi da ƙarfi da aka yanka mata don a daidaita su, kuma wadda ta yi nasara a ƙara mata nauyi a tsere na gaba, ban da Le Mans. Taya kuma duk Goodyear ce.

Badamagare a Faransa:
Ina gaishe ku 'yan uwa, musamman Malam mai tambaya. Tambayarka ta biyu zan amsa, don a tseren awa 24 na Le Mans na ga amsarta da idona.

An tashi ranar Asabar 15 ga Yuni ƙarfe 4 na yamma, Zinedine Zidane ne ya kaɗa tutar. Ranar Arfa ce, washegari Babbar Sallah, don haka da azumi a bakina na shiga, kuma rana a can ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe 10. Mutum 329,000 aka ce sun halarta. Zagaye ɗaya kilomita 13.6 ne, mafi yawansa titin jama'a ne da ake rufewa, shi ya sa za ka ga ana ruwa a wani gefe, wani gefen kuma a bushe.

Ka sani, Malam, kowace mota a wannan aji direba uku ne, kuma dole ɗaya ya zama mai darajar Bronze. Wannan ba sana'arsa ba ce tuƙi. Galibi attajiri ne, sau da yawa ma shi ke biyan kuɗin motar. A Le Mans sai ya yi aƙalla awa 6 a sitiyari, ko yana so ko ba ya so. Ƙwararrun kusan gudunsu ɗaya, tsakaninsu bai wuce ƙiftawar ido ba. Amma tsakanin Bronze mai kyau da mai rauni ana iya samun daƙiƙu a kowane zagaye, ka lissafa hakan cikin awa 6. Ga Hypercar suna zuwa ta baya da fitilu masu kashe ido, dole ya duba madubi ya duba gaba, cikin duhu, a kan jiƙaƙƙen titi, da tayar da ba a yarda a ɗumama ta kafin a ɗaura ba.

Rabin mutanen da ke kusa da ni sun zo ne saboda Valentino Rossi, tsohon zakaran tseren babur, ko'ina riguna masu lamba 46. Kuma ya yi abin a yaba, har BMW ɗinsu ta jagoranci ajin da dare. Da motar ta koma hannun Ahmad Al Harthy na Oman, sai ta zame a jiƙaƙƙen wuri ta bugi shinge, shi ke nan tserensu ya ƙare. Na ji zafin abin ƙwarai, domin Al Harthy yana cikin Bronze mafi iya tuƙi a kakar. A tseren Imola na Italiya su suka zo na biyu. Ban ga laifinsa ba. Titin a lokacin ya kayar da waɗanda suka fi shi suna.

Kafin asuba ruwa ya tsananta, aka fito da motar jan gaba, suka bi bayanta a hankali sama da awa 4. Sanyi ya kori mutane da yawa zuwa tantinansu. Ni na yi sallar asuba a ƙarƙashin rumfar 'yan kallo na zauna, don ina so in ga wa zai jure. Wasu ƙungiyoyi suka yi dabara, suka bar Bronze ɗinsu a ciki ya cinye awanninsa a wannan tafiyar hawainiya, ƙwararru suka huta. Ƙarshe Porsche mai lamba 91 ta Manthey EMA ta ci, da Richard Lietz, Morris Schuring da Yasser Shahin, wanda shi ne Bronze ɗinsu, ɗan kasuwa daga Ostareliya. BMW mai lamba 31 ta biyu, Mustang GT3 ta uku a zuwanta na farko.

Don haka a nawa ganin, mai kuɗin nan da ba a cika nuna fuskarsa ba, shi ke ci ko ya zubar.

Maman Hanif, Dammam:
Sannunku. Mu Baharain muka je da maigida da yara ta gadar Sarki Fahad, tseren awa 8 na rufe kaka, 2 ga Nuwamba. Kambun an riga an gama shi tun a tseren Fuji na Japan, inda Alex Malykhin, Joel Sturm da Klaus Bachler na mota 92 suka tabbatar da shi, amma ba wanda ya sassauta. Ferrari mai lamba 55 ta ci, Corvette biyu suka biyo ta. Da duhu ya yi za ka ga faifan birki ya yi jawur a kwanar farko.

Malam Badamagare, na yarda da kai amma ba duka ba. Inda muka zauna yana fuskantar gareji, kuma ni makanikai na fi kallo. Titin filin Sakhir na Baharain yana cin taya, wanda aka ja masa lokaci wajen canji sai ya fito a bayan motar da ya sha wahala kafin ya wuce. Ka duba, motoci biyun Manthey su suka ci Katar, Spa, Le Mans da São Paulo a tsakaninsu, da direbobi daban-daban. Abin da ya haɗa su shi ne garejin.

Badamagare a Faransa:
Hajiya, maganarki tana kan hanya. Sai dai ki tuna a kakar 2024 Bronze ne ke fita neman wurin tashi, kuma sau da yawa shi ke fara tseren. Makaniki ba ya iya maido abin da aka zubar a awa biyun farko.

Makanikin Ƙofar Ruwa:
Na gode muku duka, Allah Ya saka da alheri. Ni dai ina bayan Hajiya, kun san inda na fito. Saura Lexus ba wanda ya taɓo, alhali ita ce muka fi sani a garejinmu, kuma ita ce ta fi daɗewa a cikinsu. Idan akwai wanda ya je Fuji ko Austin ya leƙa ƙarƙashin bonet ɗin RC F ɗin ƙungiyar Akkodis ASP, ya gaya mini yadda aka zaunar da injin da inda aka kai lagireto.