Neman shawara: amfilifaya marar nauyi don jitar tebur mai feda

Ɗan Agege:

Assalamu alaikum, iyayena da yayyena. Na zo da wata matsala da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya. Shekara huɗu ke nan ina kaɗa jitar tebur mai feda, wadda abokan aikinmu Yarbawa suke kira jitar Hawayi, tare da wasu masu kiɗan juju da ke wasa a wuraren biki ranakun Asabar da Lahadi. Tawa mai wuya ɗaya ce, tsirkiya goma a tsarin saitin da ake kira E9, da feda uku da ƙarafunan gwiwa huɗu. Amfilifayar da nake aiki da ita Peavey Nashville 400 ce, tokumbo, wadda na saya a hannun dattijon da ya koya mini kiɗan, kuma ba ni da wani ƙorafi game da muryarta.

Nauyinta ne ya ishe ni. Na taɓa ɗora ta a kan sikelin mai sayar da shinkafa a layinmu, ta haura kilo 25, kuma da yake ta wutar Amurka ce, dole na riƙa yawo da taransifomar da ke sauke wuta daga 230 zuwa 120, ita ma da nata nauyin. Ɗakina yana hawa na uku. Idan muka taso daga biki a Ikorodu ko Lekki da ƙarfe biyun dare, sai na yi sawu uku a matakala: akwatin jita, amfilifaya, sannan taransifoma da kujera da jakar wayoyi. Watan jiya bayana ya riƙe, sai da na yi kwana biyar ina salla a zaune.

Ina neman wadda ba za ta wuce kilo 15 ba, amma muryarta ta fita tas a tsakanin masu gangan. Wani ɗan kasuwa a Alaba ya nuna mini wata ƙarama mai wat 30 da ake ɗauka da hannu ɗaya, ya ce za ta wadatar. Shin in saya? Kuma lallai ne sai lasifika mai inci 15, ko mai inci 12 za ta yi?

Baban Obalende:

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya ba ka lafiya, ya sa kaffara ne. Kada ka sayi mai wat 30 ɗin nan ko da an sakar maka ita a rabin kuɗi, kuma zan gaya maka dalili, domin wanda ya tallata maka ita yana auna ta ne da jitar da ake ratayawa a kafaɗa.

Ka duba yadda ƙafarka ta dama take aiki. Kana taɓa tsirkiya alhali fedar ƙara, wato wadda take ƙara ƙarfin sauti ko rage shi, tana baya, sannan yayin da sautin ya fara mutuwa sai ka riƙa taka ta a hankali domin ya ci gaba da rayuwa, shi ya sa jitar take yin kukan nan mai tsawo kamar goge. Wannan yana nufin amfilifayar tana buɗe sosai tun daga farko, kuma dole ta kasance da sauran numfashi a lokacin da ƙafarka ta kai ƙasa. Ƙaramar amfilifaya numfashinta yana ƙarewa a daidai wurin da kake bukatarsa. Masu jitar kafaɗa suna ma son muryar da ta fara fashewa, har kuɗi suke kashewa su same ta, amma kai tsirkiya biyu ko uku kake kamawa tare, ɗaya tana tsaye, feda tana jan ɗaya zuwa sama, kuma da zarar murya ta fashe sai sautukan su cakuɗe, mai sauraro ya ɗauka ba ka iya saiti ba. Abin da ya sa Peavey ta ba wa taka wat 210 ke nan.

Na ga lokacin da Demola Adepoju yake zaune a gaban wannan jita a cikin mutanen King Sunny Ade, kuma abin da ya ja kunnen jama'a shi ne yadda muryarta take ratsa tarin ganguna ba tare da ta dushe ba. Mu a zamaninmu Fender Twin Reverb mai bawul, wato kwalaben gilashin nan irin na tsohon rediyo, muke ɗauka, kusan kilo 29, mutum biyu kowa da gefensa, kuma gwiwoyina suna tuna mini da ita kowace safiya. Saboda haka ban ce ka ci gaba da wahala ba. Ka rage kilo, amma kada ka rage wat da yawa.

Bakaniken Alaba:

Baba ya faɗi gaskiya. Ni da nake kwance waɗannan kaya kullum, bari in nuna maka inda nauyin yake, ƙanena, domin ba a cikin wat yake ba. Wuri uku ne: babbar taransifomar ƙarfe da ke cikin amfilifayar, da maganaɗisun da ke bayan lasifika, da katakon akwatin. Sababbin amfilifayoyi da ake kira aji D sun rabu da waccan taransifoma, shi ya sa za ka ga kan amfilifaya, wato amfilifaya marar lasifika a jikinta, irin Quilter Tone Block 202 yana ba da wat 200 alhali za ka iya jefa shi cikin jakar wayoyinka. Ta ɓangaren lasifika kuma an samu maganaɗisun niyodimiyam, wanda ɗan ƙanƙaninsa yake yin aikin babban baƙin maganaɗisun da muka saba gani. Kamfanin Eminence yana da EPS-15C, mai inci 15 da om 4 (ma'aunin da dole ya dace da na amfilifaya), wadda aka ƙera musamman domin irin jitarka.

Ga abin da zan yi da ni ne. Zan raba kayan biyu, kan amfilifaya daban, akwatin lasifika daban, domin kilo goma a hannu ɗaya da jaka a kafaɗa ya fi wa baya sauƙi a kan dunƙule guda mai kilo 15, musamman a matakalar gidajen Agege da mutum biyu ba sa iya gifta juna. Akwai kuma ribar da ba ka lissafa ba. Kawunan Quilter suna karɓar wuta daga 100 zuwa 240, don haka taransifomar da kake jigila za ta yi ritaya a ƙarƙashin gado.

Game da inci, a saitin E9 tsirkiyarka mafi kauri tana tsayawa ne a B, wajen haz 123 a ma'aunin kaurin sauti, kuma lasifika mai inci 12 mai kyau tana ɗaukar wannan ba tare da gumi ba. Masu wuya biyu da ke sauka zuwa C ta ƙasa a saitin C6, wajen haz 65, su ne suke da hujjar dagewa a kan inci 15. Peavey da kanta ta yi Nashville 112, mai wat 80 da inci 12, sai dai ba zan tura ka gare ta ba, domin ta kusa kilo 20, kuma idan ta Amurka ce ka koma gidan jiya da taransifoma.

Amma dole in gaya maka ɗaya gefen, ko da zai rage mini ciniki. Tsohuwar Nashville ɗinka idan ta ƙone yau, gobe da yamma za ka zo ka ɗauka, domin kayan cikinta manya ne, ana ganinsu da ido, kuma ana samun madadinsu a nan kasuwa. Sababbin nan kuwa allon cikinsu cike yake da ƙananan abubuwa kamar ƙwayar gero, kuma sau da yawa maganinsu sai a sauya allon gaba ɗaya, a jira shi daga waje da kuɗin dala. Kada ka sayar da tsohuwar domin ka cika kuɗin sabuwa.

'Yar Surulere mai mikisa:

Da izinin Baba, ina da ɗan saɓani. Ni ce nake zaune a bayan mikisa, na'urar da take haɗa sautin kowa, a irin bukukuwan da ake magana a kai, kuma a yau ba amfilifayar makaɗi ce take kai sauti ƙarshen rumfa ba, manyan lasifikun da muke kafawa ne. Amfilifayarka, Malam, aikinta ka ji kanka a kan dandali, ni kuma ka ba ni sauti mai tsabta ta waya. Saboda haka abin da zan fara dubawa a bayan duk wadda za ka saya shi ne ko tana da mafitar XLR, wato ramin da ake jona waya kai tsaye zuwa mikisa, domin makirufon da ake jinginawa a gaban lasifika yana kwaso gangan da ihun masu liƙi fiye da jitar.

Akwai Fender Tone Master Twin Reverb da ta fito a 2019, wadda take kwaikwayon muryar waccan da ta cinye wa Baba gwiwa, amma nauyinta kilo 15 ne, tana da lasifika biyu masu inci 12 da mafitar XLR, da maɓallin rage ƙarfi har zuwa wat ɗaya don atisaye a ɗaki ba tare da maƙwabta sun kai ƙararka wurin mai gida ba. Kuɗinta ne ba na wasa ba. Idan aljihu bai kai ba, Boss Katana mai wat 100 ita ma tana wajen kilo 15, ta fi sauƙin samu a Legas, kuma na taɓa haɗa wa mai irin jitarka sauti da ita aka tashi lafiya. Ka sani kuma bambancin wat 100 da wat 200 a kunne desibel uku ne kacal a ma'aunin ƙarfin sauti, ba ninki biyu ba ne kamar yadda lamba take nunawa.

Baban Obalende:

'Yata, lissafinki daidai ne, amma ba kowane biki ne yake samun irinki ba. Akwai ranar da za a kai yaron nan wani fili, ya tarar da mikisa mai rami shida an riga an cika ta da makirufon mawaƙa da na mai gabatarwa, a ce masa ya ji da kansa. A ranar ce desibel ukun nan za su yi masa rana. Wat 100 na yarda da shi a matsayin ƙasa, amma ba zan sauka daga nan ba.

Ɗan Mile 12:

Ni ba makaɗi ba ne, ɗan dako nake sallama kullum a kasuwar tumatir. Kafin a kai ga dala, ka sayi ƙaramin kuran ƙarfe mai naɗewa da igiyar roba, ka kuma nemi yaro ɗaya a gidanku ka riƙa ba shi na shayi yana taya ka hawa da kaya. Ba zai rage kilo ko ɗaya ba, amma zai sa ka yi sayayya da natsuwa.

Ɗan Agege:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na fasa mai wat 30. Na fi karkata ga shawarar raba kaya biyu, amma kuɗin kan ba zai haɗu ba sai bayan bukukuwan Disamba. Yaya na Alaba, shin zan iya fara sayen lasifikar niyodimiyam in sa ta a cikin Nashville, daga baya in mayar da ita sabon akwati? Kuma abin da yake tsorata ni game da sababbin nan shi ne janareta, domin na taɓa ganin an tayar da wani a wurin biki, fitilun rumfa suka yi haske kamar rana, kayan mai piyano suka yi hayaƙi nan take.

Bakaniken Alaba:

Za ka iya, kuma hanya ce mai kyau, domin lasifikar Black Widow da ke cikin Nashville 400 ita ma om 4 ce, don haka za su yi musaya ba tare da an taɓa komai a cikin amfilifayar ba, sai dai a duba ko ramukan kusoshi sun dace. Za ka rage kilo uku ko huɗu nan take. Ka adana tsohuwar a cikin kwali a wuri marar danshi, domin iskar Legas tana cin takardar lasifika da ƙarfenta, kuma ranar da za ka sayar da amfilifayar mai saye zai tambaye ta. Ka kuma shirya wa ɗan sauyin murya. Kada ka yanke hukunci a daren farko, domin sabuwar lasifika tana da tauri sai ta sha kiɗa na wasu makonni. Ka koma kan maɓallan Mid da Shift na Nashville ɗin, ka ajiye Shift wajen 800, ka rage Mid kaɗan-kaɗan har muryar hancin nan ta tafi.

Idan lokacin akwati ya yi, kada ka bar kafinta ya yi maka shi da allon nan na garin katako da ake matsewa, wanda yake da nauyi kuma yake kumbura da zarar ya sha ruwa. Ka nemi falawud mai kyau, a bar bayan a buɗe rabi kamar na Nashville, a sa maɗauki a sama daidai tsakiyar nauyi domin kada ya riƙa dukan ƙaurinka a matakala.

Batun janareta kuwa, karɓar wuta daga 100 zuwa 240 yana taimako idan wuta ta yi ƙasa, amma ba ya kare ka idan ta yi tsalle ta wuce iyaka. Ka sayi ɗan abin kariyar nan da ake sa wa firji, mai yanke wuta idan ta hau kuma ya jinkirta kafin ya mayar, nauyinsa bai kai na kwalbar lemo ba. Ka kuma mayar da shi al'ada: da zarar an ɗauke wuta ka kashe amfilifaya ka zare ta, kada ka mayar sai janareta ya zauna kuma an riga an kunna manyan kaya. Ranar da za ka zo gwada kan amfilifayar, ka taho da jitarka da fedar ƙararka, kada ka yarda a gwada maka da jitar shago. Ka zo da safe kafin kasuwa ta cika, domin bayan azahar ba wanda yake jin muryar tsirkiya a layinmu.