Me za mu kira dual boot da Hausa?

Malama: Salamu alaikum. Ranar Asabar akwai darasi ga samarin unguwar Nima a Accra kan saka Linux a gefen Windows a laftof ɗaya. Kalmar dual boot ce ta tsaya mini. A taimaka kafin Juma'a.

Mai Gyara: Tashi biyu. In inji ya tashi, GRUB, manhajar da ke fara fitowa, ya tambaye ka wanne kake so, Linux ko Windows.

Alhaji: Tashi biyu kamar ta suma ta farfaɗo? Ku ce rabon kwana. Gida ɗaya, kowa da ɗakinsa, mai girki kaɗai ke aiki.

Mai Gyara: Ranka ya daɗe, yara za su ɗauka ɗakunan a kulle suke. Gaskiya ne fayil ɗin exe, wato manhajar Windows, ba ya aiki a Linux sai da taimakon manhajar Wine, Windows kuma ba ya karanta ext4, tsarin ajiyar fayil na Linux, da kansa. Amma bairos ɗin da ya samu ikon admin yana iya goge faifan kakaf, har ɓangaren Linux. Ɓangaren NTFS, tsarin ajiyar fayil na Windows, da su biyun ke tarayya a kai kuwa, nan wasannin sata ke ajiye cutarsu.

Ustaz: Bairos kuma? Ƙwayar cuta dai. Haka ake faɗa a Kano.

Mai Gyara: Ustaz, je ka kasuwar wayoyi ta Tip Toe Lane ka ce ƙwayar cuta, hanyar asibitin Korle Bu za a nuna maka.

Ustaz: To mu bar harshen ya lalace saboda kasuwa?

Alhaji: Hausar zango ma Hausa ce. A koma kan rabon kwana.

Ɗan Maamobi: Malama, kowace kika ɗauka, ki ja musu kunne kada su goge Windows in suna wasa. Proton, manhajar dandalin wasanni na Steam, tun 2018, yana tayar da wasanni da yawa a Linux, amma ban da Valorant da Fortnite, saboda manhajar hana maguɗi. Valorant a Windows 11 sai da matakan tsaron inji, Secure Boot da TPM 2.0, don haka kada su kashe Secure Boot. Ubuntu, wani nau'in Linux, na shiga ko Secure Boot yana kunne. Kafin a yanka faifai su kashe Fast Startup, tsarin saurin tashi na Windows, su rubuta mabuɗin BitLocker, makullin faifai na Windows, mai lamba 48 a takarda.

Malama: Na gode. Zan rubuta tashi biyu, in kawo rabon kwana wajen bayani. Ta bairos kuma sai wani zaman.

Alhaji: To. Amma za ki ga wadda yaran za su riƙe.