Gwanjo dai mun san shi, amma me za mu kira "vintage" da Hausa?

Salamu alaikum 'yan'uwa masu sayar da kaya ta waya, na Jos da Bukuru da kewaye. Magana ce da ni a kan sunayen da muke liƙa wa hajarmu. Leƙa shafukanmu na Instagram ko status ɗin WhatsApp, za ka ga Hausa tiryan-tiryan, ga farashi, ga "ana kaiwa har gida", sai a tsakiyar layi ka yi tuntuɓe da thrift, ko pre-loved, ko vintage. Biyun farko ba su hana ni barci ba, amsarsu tana hannu. Na ukun nake so mu haɗa kai a kansa.

Thrift gwanjo ne, kunya ce kawai ta sa muka sauya masa suna. Wadda ta yi sammako cikin sanyin nan na Jos ta shiga Katako ranar fasa dila, ta tsaya a kan mai kaya yana datse ƙarfen da aka ɗaure ta da shi, dilar ta kumbura ta baje, warin nan da kowa ya sani ya tashi, ta tsunduma hannu ta zaɓi na sama-sama kafin 'yan tsinta su iso, ta kai gida ta wanke, ta goge, ta rataya a farin bango ta ɗauki hoto, to gwanjo ta saro. Bangon bai sauya masa asali ba. Kuma kalmar ba ta da wani aibi. Tun asali sayarwa ce ga wanda ya fi tayi, shi ya sa har gobe ake cewa Kwastam za su yi gwanjon motoci. Mutanen kudu suna cewa okirika, daga sunan garin Okrika na Jihar Ribas, Yarbawa suna cewa tokumbo, mu ma muna da inji ɗan Beljiyom da mota 'yar Kwatano. Kowa hanyar da kaya suka biyo ya duba ya raɗa musu suna, ba wanda ya ɓoye.

Pre-loved kuwa kwance ne in tufafi ne, na hannu in waya ce ko firji ko janareta. Mu wuce.

Vintage dabam yake, kuma bambancin na kuɗi ne. Kayan gwanjo kullum ƙasa suke yi: suwaitar da ba ta fita ba a Disamba, in zafi ya shigo sai ka karya mata farashi. Shi kuma wannan, daɗewarsa ita ce jarinsa. Turawa sun ɗauko kalmar ne daga gonar inabi, inda take nufin girbin wata shekara takamaimai, daga baya ta koma kan sutura da mota da agogo da suka fito daga wani zamani da ya shuɗe amma ba su rasa ƙimarsu ba. Kasuwar intanet ta Etsy ba ta yarda ka sa kaya a wannan rukuni sai sun kai shekara 20 da ƙerawa. Wanda ya kai shekara 100 kuma wani suna suke ba shi, antique.

Muna da irin kayan nan jibge a gidajenmu. Baƙin keken ɗinki Singer mai zanen ruwan zinari. Jeren langa da kwalla da samira da iyayenmu mata suka cika kabet da su, waɗansu ko ruwa ba a taɓa zubawa a ciki ba. Gadon ƙarfe mai rumfa. Keke Raleigh, rediyo National, agogo Seiko, faifan garmaho. Turmin atamfa da aka saya tun masaƙun Kakuri na Kaduna suna aiki dare da rana, aka jefa a ƙasan akwati da kafur aka manta. Da yawansu 'yan gwangwan ne ke kwashewa a kan kilo, don mai su bai san suna da wani suna da ya wuce tarkace ba. Shi ya sa nake ganin neman kalmar ba wasan malamai ba ne.

Ga abin da ya ƙara ingiza ni: kalmar ta iso Najeriya ta lalace. Je wurin masu yadi ka ce a ba ka vintage, za a yanko maka sabon yadi mai santsi mai zane barkatai, wanda aka buga bana, tela ya ɗinka maka 'yar shat mai faɗi. Samari da yawa abin da suka sani ke nan da kalmar. Saboda haka in na rubuta ta a ƙarƙashin agogon 1978, ban san me mai karatu ya ji ba.

Ga sunayen da na auna.

Tsohon yayi shi ne ya fara zuwa bakin kowa, shi ne kuma na fara jefarwa. Zagi ne. Ba mai biyan kuɗi don a ce ya sa tsohon yayi.

Kayan da, ko kayan dauri, sun faɗi zamani amma ba su faɗi daraja ba. Fasasshiyar randa ma ta dauri ce.

Kayan gado zai jawo mana tambayar da ba mu shirya mata ba: an raba? Sauran magada sun sani?

Kayan tarihi kuwa ina roƙon kowa ya kiyaye shi, musamman mu 'yan Filato. A maƙwabtanmu, ƙauyen Nok da ke kudancin Jihar Kaduna a yau, masu haƙar kuza suka fara tono gumakan Nok na yumɓu, a nan Jos kuma aka buɗe gidan tarihi a 1952. Dokar 1979 da ta kafa hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa ta hana saye da sayar da irin waɗannan kaya sai ta hannun wanda aka ba izini, ta kuma hana fitar da su waje ba da takarda ba, har da aikin hannu na gida da aka yi kafin 1918. Ka rubuta "kayan tarihi na sayarwa" a kan tsohuwar fitilar ƙwai, ka gayyato wa kanka baƙin da ba ciniki ya kawo su ba.

Saura biyu: tsohuwar zuma da tsohuwar ajiya.

Ta farko ta fi daɗi a kunne, ga karin maganarta a shirye, da tsohuwar zuma ake magani. Matsalarta samari sun riga mu. Yau in ka ce tsohuwar zuma, kafin a tuna da keken ɗinki an tuna da tsohuwar budurwa. Rubuta "akwai tsohuwar zuma, a tuntuɓe ni ta ciki" ka ga irin saƙonnin da za su shigo maka. A bar ta a matsayin kirari a bakin mai talla.

Ni dai tsohuwar ajiya na zaɓa. Ba ƙirƙirarta na yi ba, tana bakin mutane tuntuni: in dattijo ya fito ranar Sallah da babbar rigar saƙi da ba a ƙara ganin irinta, ai cewa ake yi yau an fito da tsohuwar ajiya. "Tsohuwa" ta ɗauki shekarun, "ajiya" ta ɗauki darajar, don ba a ajiye abin banza, yar da shi ake yi. Tana kuma zama a jimla ba tare da an yi mata ciko ba: agogon nan tsohuwar ajiya ne, ina neman tsohuwar ajiya ta atamfa, shagon tsohuwar ajiya. To ga ta nan, a sa ta a faifai.

Ƙari, bayan na karanta amsoshinku.

Na gode, ban zaci abin zai ja haka ba. Wani Baba da ya ce ya daɗe yana gyaran agogo ya kawo "ɗan asali". Baba, Allah Ya ƙara girma, amma ina ganin wannan kishiyar jabu ce. Sabon agogo da ya fito daga kamfani jiya ma ɗan asali ne. Sai dai maganarku ta tuna mana sharaɗi: abin da ba ɗan asali ba, ko ya shekara 50 bai shiga ba.

Hajiya mai kayan yara ta yi tambayar da ta fi kowace nauyi. Ta ce jaket ɗin da ta tsinta a dila, wanda alamu suka nuna ɗinkin shekarun 1980 ne, wa ya ajiye shi har za a kira shi ajiya? Hajiya, wani ya ajiye shi, ko da a Ingila ne ko Amurka, in ba haka ba da bai kawo yau da ransa ba. Sunayen biyu ba sa karo. Gwanjo hanyar da ya zo ce, tsohuwar ajiya shekarunsa da ingancinsa. A nan ma ribar sana'ar take. Mai dila kilo ya saya, ko mai 55 ko mai 100, ba shi da lokacin juya kowace riga. Ke da kika san abin da kike nema, ke za ki ciro guda ɗaya a cikin ɗari wadda kuɗinta ya ninka na 'yan'uwanta.

Sanin kuwa koyonsa ake yi, ba duba ba ne. Wandon Levi's yana da ɗan jan ƙyalle a gefen aljihun baya. In sunan da ke jiki duka da manyan baƙaƙe aka rubuta shi, har da E ɗin, tsohon tsari ne na kafin 1971, bayan nan suka koma ƙaramin e. Sai dai kamfanin ya riƙa sake fitar da irin na da, don haka a haɗa da duba ɗinki da takardar ciki. Keken Singer yana da lamba da aka buga a jikin ƙarfen gindinsa ta dama, da ita ake gano shekarar da aka ƙera shi. Atamfa kuwa bakin zanen za ki bi, a nan masaƙa ke rubuta sunanta. Duk wanda zai ce kayansa tsohuwar ajiya ne, ya ɗauki hoton wannan shaidar ya haɗa da tallar.

Wani ƙanena ya ce duk wahalar banza ce, mu rubuta bintej mu huta, ai mota da bokiti da tebur ma arowa muka yi, kuma mai saye daga Legas ko Abuja da Turanci yake bincike. Rabin maganarka gaskiya ce, ƙanena. Ka sa kalmar Turancin a alamar bincike can ƙasa, ba wanda ya hana ka cin kasuwar Legas. Amma mun ari mota ne lokacin da ba mu da ita ba mu da sunanta. Wannan muna da abin, muna da sunan, ga shi kuma na aron ya iso da ma'ana biyu. Sannan ka tuna ba mai saye kaɗai kake magana da shi ba. Gyatumar da ke da langa goma a ƙarƙashin gado a Gangare ko Unguwar Rogo, wadda a wurinta za ka samo kayan, ba ta san bintej ba. Ce mata "Iya, ko akwai tsohuwar ajiya?" ka ga ko ba ta gane ba. In ta fito da su kuma ka faɗa mata gaskiyar abin da suke, kada ka saya a kuɗin gwangwan.

Akwai waɗanda suka karkata zuwa sunan mai sana'ar kansa. Wannan ba sai an nema ba. In kayan na wani ne, ka tallata, ka karɓi la'ada, kai dillali ne. Iyayenmu dillalai mata sun yi shekaru aru-aru suna shiga gida-gida da ƙullin zannuwa da kwanukan matan kulle, waya kawai muka ɗara su da ita. In kuwa da kuɗinka ka saya, ribar taka asarar taka, sari ka yi. A daina haɗa su, don ranar da kaya suka ɓace a hannun direban tasha, ko aka turo alat na bogi, a nan za a so a san na wane ne.

Tsoron da wani Malam ya nuna shi ma nawa ne: kada gobe kowa ya kwaso ragowar dilar da ta ƙi fita ya ce tsohuwar ajiya. Hadisin da ke cikin Sahihu Muslim a kan mai tsibin abinci da ya bar jiƙaƙƙen a ƙasa busasshen a sama ya ishe mu, wanda ya yi algus ba ya cikinmu. A hoto ma sauƙin yin hakan ya fi yawa, don kai ke zaɓen ɓangaren da za a gani. Saboda haka ina ba da shawarar duk tallar da ta ɗauki sunan nan ta zo da abu uku: kimanin shekarar kayan, shaidar da ta nuna hakan, da aibinsa a fili. Misali: "Tsohuwar ajiya. Keken Singer na hannu, ga lambarsa a hoto na biyu, yana ɗinki, fenti ya ɗan goge a wuya, babu murfi."

Maganar shekara nawa, na ga an rabu, waɗansu 20, waɗansu 30. Ni ina kan 20, don mu daidaita da kasuwannin waje in Allah Ya kai hajarmu can. Wanda lissafi ke ba wuya, mu 'yan Jos muna da ma'auni a gida: in an sayi abin tun babbar kasuwar Taminus tana tsaye, kafin gobarar Fabrairun 2002, ya cika har da ƙari.

Mai tambaya a kan Nokia 3310, e, a 2000 ta fito, ta shiga. Amma sai mai kunnawa, kuma ka faɗa mana ko batirin ya kumbura.